Kabewar da ta Haura Katanga

Bayan ɗakina a Dadin Kowa
akwai fili taku goma sha biyu,
rabinsa dutse, rabinsa tsakuwa,
abin da ya saura, in ji Ladidi, taurin kaina ne.

Ranar da na ajiye aiki agogo aka ba ni.
Na kai shi Taminus, na dawo da fartanya.
Me zan yi da agogo,
ni da yini ya zama nawa tun daga asuba?

Na ɗauko taki buhu biyu daga rugar Bappa Sale,
na tone duwatsu har tafina ya yi kanta.
Karas, latas, kabeji layi biyu,
tumatir a bokitan da suka huje,
alayyahu a bakin rariya
inda ruwan wanke-wanke yake bi.

Rijiyarmu takan ƙafe tun bazara ba ta kankama ba.
Jarka huɗu kullum daga mai kura,
Ladidi na lissafi a gindin murhu:
"Malam, tumatirinka ƙwaya ɗaya
ya fi kwando tsada a Farin Gada."
Ban musa ba.
Amma ba a sayar da ƙanshin ganyensa
da yake kwana a yatsun mutum.

Sai akuyar Ɗanladi,
wadda ta san ƙofata fiye da ta ubangidanta.
Sai tsutsa, mai aikin dare ba albashi.
Sai ƙanƙara, wata Laraba da la'asar,
ta sauko kamar ana jifan Shaiɗan,
kwanon ɗaki yana ihu,
kabejin da na yi wata uku ina lallashi
ya koma tsumma kafin a idar da salla.
Na tsuguna cikin sanyi ina tsintar ganye
kamar wanda kuɗinsa suka zube a kasuwa.

Ita kabewa ban shuka ta ba.
A juji ta tsiro, ba gayyata,
ta rarrafa ta kama katanga,
katangar nan da muka ƙara wa bulo uku
shekarar da gari ya ɗauki zafi,
gaisuwa ta koma ta ido, daga baya idon ma ya gaji.
Ta hau, ba ta nemi izinin kowa ba,
ta ratsa fasassun kwalaben da muka kafa,
ta sauka gidan Ngo Chundung,
can ta haihu, 'ya'ya uku,
ni ta bar ni da saiwa da kuɗin ruwa.

Wata Asabar aka yi sallama.
Ngo ce, ta ranƙwafa, na ga sanda a hannunta,
ban san yaushe ta fara riƙe sanda ba.
Jikanta Davou na baya, kabewa a ka.
"Maƙwabci, 'yarka ta yi yaji zuwa gidana,
ga jikanka na kawo maka."
Na ce ɗa na gidan da aka yanke cibiyarsa ne.
Ta ce a'a. Na ce a'a.
Maganar shekara da shekaru muka zuba cikin a'a ɗin nan,
har Ladidi ta fito da wuƙa
ta raba gardama gida biyu.

Da magariba kwano ya leƙo ta kan katanga,
gwaten acca, yana tururi, da yakuwa da gauta,
kabewar ta narke a ciki,
ba ka ce ga tawa ga tata.
Kwano ba ya komawa wofi:
na tumɓuke karas ɗin da ƙanƙara ta manta,
gajeru, karkatattu, da ƙasarsu.

Har yau lissafin Ladidi bai fita ba,
akuyar Ɗanladi ma ba ta tuba ba.
'Ya'yan kabewa na shanye a faifai bisa rufin kaji.
Bana da gangan zan shuka ta,
dab da gindin katanga.